Fantasi: waye ya fara, kuma me ya sa ya bazu haka?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'a. Tunda makon nan hutun wasannin ƙasashe ne, babu Firimiya, bari in jefo tambaya. Yaran lig ɗinmu sun ɗauka hukumar Firimiya ce ta ƙirƙiro fantasi, wasan nan da mutum ke haɗa ƙungiyarsa da 'yan wasa na gaske, yana samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili. Masana na cikin zauren nan, waye ya fara, a ina, kuma yaya ake lissafin maki kafin zuwan waya?

Malam Habu: Wa alaikumus salam Baban Walid. Firimiya a makare ta shigo. Nata wasan, Fantasy Premier League (FPL), sai a kakar 2002/03 ya fara, lokacin abin ya kai shekara 40 a duniya. Amurka ce mahaifarsa, kuma ba da irin ƙwallonmu aka soma ba. Wani ɗan kasuwa ne a Oakland ta jihar Kalifoniya, Bill Winkenbach, mai ɗan hannun jari a Oakland Raiders, ƙungiyar ƙwallon Amurka. Da golf ya fara gwadawa a ƙarshen shekarun 1950: kowa ya zaɓi 'yan wasansa, in an tashi gasa a haɗa bugun da suka yi, mai mafi ƙaranci shi ya ci. A 1962, a wani otal a New York, shi da Bill Tunnell, jami'in hulɗa da jama'a na Raiders, da Scotty Stirling na jaridar Oakland Tribune suka zauna suka tsara dokoki na ƙwallon Amurka. A watan Agustan 1963 aka yi rabon 'yan wasa na farko, ƙungiyoyi 8, lig ɗin ana ce masa GOPPPL. George Blanda aka fara ɗauka. Bai fita daga hannun 'yan cikin gida ba sai a 1969, da Andy Mousalimas ya buɗe wa kwastomomin mashayarsa, King's X, tasu gasar.

Ku riƙe abu ɗaya, don zai dawo: a tsarinsu, ɗan wasa mai gida ɗaya gare shi. In na ɗauke shi, kai ka haƙura har ƙarshen kaka.

Injiniya Nura: Malam Habu, na yarda Oakland ce ta riga, amma ban yarda ita ce ta yaɗa abin ba. Shekara 17 wasan na Winkenbach yana rarrafe a unguwa ɗaya. Wanda ya fito da shi duniya Daniel Okrent ne, marubuci kuma editan mujalla, a 1980, a kan wasan besbol. Shi ma bai faɗo daga sama ba, don tun 1960 wani malamin jami'a, William Gamson, yana da makamancinsa da abokansa a Harvard, ya tafi da shi Jami'ar Michigan inda Okrent ya yi karatu. Amma dokokin Okrent ne aka kwafa. Sunan lig ɗin Rotisserie, daga gidan abincin da suke haɗuwa a New York.

Ga yadda yake aiki. Ana gwanjo ne, ba layi ake bi ba. Kowa na da dala 260 ya sayi 'yan wasa 23. A kira sunan ɗan wasa, a yi ta taya shi har mai tsada ya ɗauka. Sannan ba a tara maki kai tsaye. Akwai fannoni 8 na ƙididdiga, 4 na masu dukan ƙwallo, 4 na masu jifa. In ku 10 ne, wanda ya zo na ɗaya a fanni ya sami 10, na biyu 9, har zuwa na ƙarshe mai 1, sai a haɗa duka fannonin. Wannan ya sa ba ka isa ka zuba duk kuɗinka a gwanaye irin ɗaya ba, za ka cinye fanni guda ka faɗi warwas a bakwai.

Dalilin bazuwarsa kuwa ba boyayye ba ne: kusan duk 'yan lig ɗin mutanen jarida ne da ɗab'i. Suka yi ta rubutu a kai, wakilan wasanni na wasu garuruwa suka kafa nasu.

Baban Walid: To lissafin fa, Injiniya? Wa ke zama ya yi?

Injiniya Nura: Mutum ɗaya, ana ce masa kwamishina. Jarida, biro, kalkuleta. Kowace ƙungiyar besbol tana buga wasa 162 a kaka, kusan kullum akwai wasa. In ku 10 ne, 'yan wasa 230 ke nan zai bi ɗaya bayan ɗaya. Don haka sau ɗaya a mako ake fitar da teburi, a buga a keken rubutu, a aika ta gidan waya ko faks. Mutum zai iya yin kwana biyar bai san an wuce shi ba. Da USA Today ta fito a 1982 tana buga cikakkun alƙaluman duk ƙungiyoyi a wuri ɗaya, aikin ya yi sauƙi sosai, masu lig da yawa suka mai da ita alƙali: abin da ta buga shi ne, ba gardama.

Malam Habu: Nan ne ma zancen yake, ba a kan waye uba ba. Dokokin fantasi a kowane zamani suna bin abin da za a iya ƙirgawa da arha ne. Lig ɗin farko na ƙwallon Amurka ci kaɗai suke ba maki, saboda shi ne abin da jaridar Litinin ke kawowa ba kuskure. Ba wai ba su san tsawon gudun da ɗan wasa ya yi yana da muhimmanci ba, babu mai lokacin haɗawa ne. Duk sanda ƙirga ta yi arha, sai dokoki su ƙaru, jama'a su ƙaru.

Anti Bilki: Kun tsallake Italiya, alhali ta riga Ingila. Riccardo Albini, ɗan jarida a Milan, ya ga abin a Amurka, ya juya shi zuwa ƙwallon ƙafa a ƙarshen shekarun 1980, ya fitar da dokokin Fantacalcio a 1990. Matsalar da ya tarar ita ce ƙwallon ƙafa ba ta da alƙaluma kamar besbol. Ɗan baya zai buga minti 90 ya hana kowa wucewa, a takarda babu abin da ya yi. Sai ya lura jaridun Italiya suna ba kowane ɗan wasa maki daga 1 zuwa 10 bayan kowane wasa, inda 6 ke nufin ya yi daidai gwargwado. Sai ya ɗauki wannan ya mai da shi tushe. A kai ake ƙara 3 in ya ci ƙwallo, a cire rabin maki ɗaya in an ba shi katin gargaɗi, a cire 1 a jan kati, a cire wa gola 1 a kan kowace ƙwallo da ta shiga ragarsa, a ba shi 3 in ya tare fanareti.

Sannan jimillar ba ita ce sakamako ba, sai an mai da ita ƙwallaye. 'Yan wasa 11 sau 6 ya ba da 66, don haka maki 66 shi ne ƙwallo ɗaya, kowane ƙarin 6 kuma wata ƙwallon. Mai 73 da mai 67 sun tashi 2-1. Mai 71.5 da mai 66 kuwa kunnen doki 1-1, duk da tazarar biyar da rabi. A 1994 jaridar Gazzetta dello Sport ta rungumi wasan, ya zama na ƙasa baki ɗaya. Har yau Italiyawa gwanjo suke yi, 'yan wasa 25: gola 3, 'yan baya 8, 'yan tsakiya 8, 'yan gaba 6.

Ɗan Gusau: Anti, wannan ai zalunci ne. Ɗan jarida ya ƙi jinin ɗan wasa ya ba shi 5.5, ni in rasa wasa?

Anti Bilki: Haka ake yi kuwa, kuma shi ne rigimar kowace Litinin a can. Shi ya sa kowane lig ke yanke shawarar wace jarida ko wane shafi za a bi tun kafin gwanjo. Amma ka duba abin da suka samu: ɗan tsakiya mai tare hanya yana da daraja a wurinsu tun 1990. FPL sai a kakar 2025/26 ta fara ba irinsa maki.

Malam Habu: A Ingila Andrew Wainstein ne ya kawo shi a 1991, da kamfaninsa Fantasy League. Shi alƙaluma tsagwaronsu ya bi: 3 ga wanda ya ci, 2 ga wanda ya ba da aka ci, lada ga 'yan baya in an tsare raga, ragi in an zura musu. Ya fara da gwanjo tsakanin abokai kamar Amurkawa. Canjin da ya haifi FPL ya zo ne da jaridar Daily Telegraph ta ɗauki wasan don masu karatunta a farkon shekarun 1990. Ba za ka tara mutum dubu ɗari a gwanjo ɗaya ba, Alan Shearer guda ɗaya ne. Sai aka ce to, a sa wa kowane ɗan wasa farashi, a ba kowa kasafi iri ɗaya, kowa ya sayi wanda ya ga dama ko da duk duniya ta saye shi. A cike fom a aika, ko a kira lambar waya mai tsada a danna lambobin 'yan wasa.

Wannan ne ya raba duniyar fantasi gida biyu. Amurka da Italiya suka tsaya a ƙananan lig na mutum 8 zuwa 12, kowa da nasa 'yan wasa, ana musaya tsakanin juna. Ingila ta tafi gasa ɗaya mai ɗaukar miliyoyi.

Injiniya Nura: Sai intanet. A 1997 shafuka irin su Commissioner.com suka karɓe aikin lissafi, ana biyansu. A 1999 Yahoo ta ba da shi kyauta tana cin kuɗin talla, dole saura suka bi. Amma akwai abin da ba a cika ambata ba, wato kotu. A 1996 hukumar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, ta kai Motorola da kamfanin STATS ƙara kan aika sakamakon wasa kai tsaye, a 1997 kotun ɗaukaka ƙara ta ce abin da ya faru a fili labari ne, ba mallakin kowa ba. Sannan reshen intanet na hukumar besbol, MLB, ya so taƙaita lasisin fantasi ga manyan kamfanoni kaɗan. Wani ƙaramin kamfani na St. Louis, CBC, ya je kotu, ya yi nasara a 2006, ya sake nasara a 2007, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar a 2008. Hukuncin: sunan ɗan wasa da alƙalumansa kowa na iya amfani da su. Hoto da tambarin ƙungiya su ne sai da izini. Da an yanke akasin haka, da kamfanoni uku ko huɗu ne kawai za su rage. Ƙungiyar masu sana'ar ta ƙiyasta masu bugawa a Amurka da Kanada sun kusa miliyan 60 a 2017.

Baban Walid: FPL fa, da nawa ta fara?

Malam Habu: Dubu 76 da 'yan kai a kakar farko. A kakar 2022/23 ƙungiyoyi sun haura miliyan 11. Abubuwa uku ne suka kai ta nan a ganina: kyauta ce, tana shiga ƙaramar waya ba ta cin data, kuma Firimiya ana kallonta daga gidan kallo na Kano har Nairobi da Alƙahira. Wanda ya cinye gasar duniya a kakar 2017/18 ɗan Tanzaniya ne. A Disamban 2019 kuma Magnus Carlsen, zakaran wasan dara na ces (chess) na duniya a lokacin, ya hau saman teburin gaba ɗaya, abin da masu cewa wasan sa'a ce kawai ba sa son a tuna musu.

Kyaftin Sadi: Tunda akwai sababbi a zauren, bari in shimfiɗa dokokin yadda suke, don yawancin faɗuwa daga rashin karanta su take zuwa.

Fam miliyan 100, 'yan wasa 15: gola 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, kuma ba fiye da 3 daga ƙungiya ɗaya ba. Ka fitar da 11, dole da gola 1, aƙalla 'yan baya 3 da ɗan gaba 1. Wanda ya buga ƙasa da minti 60 maki 1, wanda ya kai 60 maki 2. Ƙwallo: ɗan baya 6, ɗan tsakiya 5, ɗan gaba 4, gola 10. Ba da ƙwallo aka ci 3. Tsare raga 4 ga gola da ɗan baya, 1 ga ɗan tsakiya, amma sai ya kai minti 60. Gola na samun 1 a kowane tarewa uku, 5 in ya tare fanareti. Ragi: 1 a kan kowace ƙwallo biyu da aka zura wa gola ko ɗan baya, katin gargaɗi 1, jan kati 3, ɓarar da fanareti 2, cin gida 2. Sai kyautar 3, 2, 1 ga mutum uku da suka fi a kowane wasa. Sabon ƙarin 2025/26: ɗan baya da ya haɗa 10 na sharewa, tarewa, katse fasin da ƙwace ƙwallo yana da 2, ɗan tsakiya da ɗan gaba sai sun kai 12, amma su ana ƙirga musu har ƙwallon da suka tsinta.

Inda ake cin riba shi ne inda wasan ya sa ɗan wasa a gurbin da ba nasa ba, ko ya yi masa araha. Salah ɗan gaba ne a fili amma ɗan tsakiya a FPL, kowace ƙwallonsa 5 ce, ga 1 na tsare raga. Haka ya tara 303 a 2017/18, ya karya tarihin kansa da 344 a 2024/25. John Lundstram na Sheffield United a 2019/20 an rubuta shi ɗan baya na miliyan 4.0, alhali tsakiya yake bugawa yana kutsawa gaba. Cole Palmer ya fara 2023/24 a miliyan 5.0 ya gama da 244.

Ɗan Gusau: Kyaftin, yi bayanin sayarwa. Mutane na ganin ɗan wasansu ya tashi su zaci duk ribar tasu ce.

Kyaftin Sadi: Rabi ake ba ka, kuma a zagaye ƙasa. Ka saya 7.0, ya kai 7.3, a 7.1 za ka sayar. Ya kai 7.4, ka sami 7.2. Ya tashi 0.1 kawai, ba ka da komai. In kuwa ya faɗi, asarar duka taka ce. Kuskuren da aka fi yi: mutum ya sayar da wanda ya saya da araha don ya ji ɗan ciwo na mako ɗaya, ya dawo zai saye shi a 7.4 da 7.2 a hannu. Farashi na motsawa ne da dare gwargwadon masu saye da sayarwa, 0.1 a rana, ba ya wuce 0.3 a mako.

Canji kyauta ɗaya ne a mako, tun 2024/25 ana iya tarawa har 5, da can 2 ne iyaka. Kowane ƙari yana cin maki 4. Lissafinsa ba wuya: wanda ka kawo dole ya fi wanda ka fitar da fiye da 4 a tsawon makonnin da za ka riƙe shi. In wanda ka fitar lafiyarsa lau zai buga ya kawo 2, to sabon sai ya kawo 7 a makon kafin ka ga ribar maki ɗaya, wato yawanci sai ya ci ƙwallo. Don mako ɗaya, yawanci asara ce. Don mako shida masu sauƙin wasa, yana iya biya.

Sai benci. Jerinsa na da ma'ana: in ɗan wasanka bai taka fili ba ko minti ɗaya, na farko a benci ke shiga, muddin tsarin bai karye ba. In 'yan baya 3 ka fitar ɗaya bai buga ba, ɗan baya ne zai shiga ko da shi ne na ƙarshe a jeri. Abin da ke ƙona rai shi ne koci ya sako mutum a minti na 88: ya toshe benci, ya kawo 1, in kyaftin ne 2 (makin wanda ka ba kyaftin ninkawa ake yi), mataimakin kyaftin, da ke gadar ninkin in kyaftin bai buga ba, bai amfana ba.

Anti Bilki: Ƙara musu da agogo. Ana rufe canji minti 90 kafin wasan farko na mako. Ingila na sauya agogo, mu ba ma sauyawa. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacinsu ɗaya da Najeriya da Nijar, wasan 12:30 ana rufewa 11:00. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris muna gabansu da awa ɗaya, sai ya zama 12:00 a wurinmu. Mutanen Gana abin a juye yake, a lokacin sanyi suke daidai da Landan, a ɗaya rabin 10:00 ake rufe musu. Sannan makon da ke da wasan daren Juma'a, shi ke kama mutane barci.

Injiniya Nura: Akwai lissafin da tsarin Telegraph ya haifar wanda babu shi a gwanjo. Tunda kowa na iya mallakar mutum ɗaya, makinka ba shi ne abin dubawa ba, tazararka da jama'a ce. A ce cikin 100, mutum 80 na da Haaland, 60 daga ciki sun ba shi kyaftin. In ya kawo 10, matsakaicin manaja ya sami 14. Kai da kake da shi ba kyaftin ba ka sami 10, kana murna yana ci alhali kana gangarowa a teburi. Don haka wanda ke gaba a lig ya bi jama'a, wanda ke baya a makonnin ƙarshe shi ke da dalilin kaucewa. Masu kaucewa tun Satumba don a ce sun fi kowa wayo, su ke cika ƙasan teburi.

Katunan dama na musamman kuma, Triple Captain (makin kyaftin ninki uku) da Bench Boost (a ƙirga har makin benci) sun zo a 2015/16, Free Hit (canji ba iyaka na mako ɗaya) a 2017/18. Amfaninsu na fitowa ne a makon da wasu ƙungiyoyi ke buga wasa biyu ko ba sa bugawa sam, saboda ɗage wasanni da kofunan gida ke jawowa. A 2025/26 an ba kowa cikakken saiti biyu, ɗaya a kowane rabin kaka, na farkon in ba ka taɓa ba ya ƙone. An kuma cika wa kowa canji 5 a mako na 16 saboda gasar cin kofin Afirka a Maroko, tunda Salah, Iwobi da ire-irensu za su tafi.

Malam Habu: Har cikin ɗakin canza kaya abin ya shiga. A Fabrairun 2021, kafin wasan Aston Villa da Leicester, aka lura wasu 'yan Villa sun cire Jack Grealish daga ƙungiyoyinsu na FPL. Duniya ta gane ya ji ciwo kafin kulob ɗin ya sanar, koci Dean Smith ya fito ya nuna ɓacin ransa.

Ustaz Kabiru: Duk na ji tarihin, Allah ya ƙara basira. Amma ku faɗi ɗaya rabin. Yaya abin da aka fara da biro ya koma gidan caca?

Injiniya Nura: Ta ƙofar doka, Ustaz. A 2006 Amurka ta yi dokar hana bankuna hulɗa da cacar intanet, UIGEA, amma ta keɓe fantasi da sharuɗa uku: a san kyautar tun farko ba tare da ta dogara da yawan masu shiga ba, sakamako ya dogara da ƙwarewa da alƙaluman 'yan wasa a wasanni da dama, kuma kada ya rataya a kan ƙungiya ɗaya ko ɗan wasa ɗaya. Masu dokar gasar kaka guda suke da ita a zuciya. Dokar ba ta faɗi tsawon gasa ba. Sai FanDuel a 2009 da DraftKings a 2012 suka ce to, gasar yini ɗaya: ka biya da safe, ka haɗa ƙungiya, a biya ka da dare.

Ga lissafin. Mutum 100, kowa dala 10, an tara 1,000. Kamfani ya cire kashi 10, saura 900. A gasar da rabin sama ke ci, mutum 50 kowa ya karɓi 18. Don kada ka yi asara sai ka ci sau 10 cikin 18, kusan kashi 56 cikin ɗari, ba 50 ba. Kuma abokan karawarka ƙwararru ne masu manhajar da ke shigar da ɗaruruwan ƙungiyoyi lokaci guda. Wani nazari da aka wallafa a 2015 ya nuna a rabin farko na kakar besbol, kashi 1.3 na masu bugawa sun kwashe kashi 91 na ribar.

A ƙarshen Satumban 2015 wani ma'aikacin DraftKings ya saki bayanan cikin gida kafin lokaci, a makon kuma ya ci dala 350,000 a FanDuel. Binciken da kamfanin ya sa aka yi ya wanke shi, amma wuta ta riga ta kama. Nevada ta ce sai da lasisin caca, babban lauyan New York ya ba kamfanonin biyu umarnin tsayawa a Nuwamba, sai da jihar ta yi sabuwar doka a 2016. Sun so haɗewa, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta tare a 2017. Da Kotun Ƙoli ta soke dokar hana cacar wasanni a Mayun 2018, su biyun suka zama manyan kamfanonin caca na ƙasar, da jerin kwastomomin da suka tara ta fantasi.

Anti Bilki: Indiya ta bi hanyar har ƙarshenta. Dream11, da aka kafa a 2008 kan kurket, ta sami hukuncin babbar kotun Punjab da Haryana a 2017 cewa ƙwarewa ce ba caca ba, ta ɗauki nauyin IPL, babbar gasar kurket ta Indiya, a 2020, masu rajista suka haura miliyan 200. A Oktoban 2023 aka ɗora harajin kashi 28 a kan kuɗin shiga. A Agustan 2025 majalisa ta haramta duk wasan intanet na sa kuɗi, ko na ƙwarewa ne ko na sa'a. Cikin kwanaki kamfanin ya rufe gasannin kuɗi ya cire sunansa daga rigar 'yan wasan ƙasar.

Ustaz Kabiru: To kun gani. Kuma kada mu yi nisa. Lig ɗin WhatsApp da kowa ke zuba dubu biyu na ɗaya ya kwashe, me ya raba shi da wancan? Kowa ya sa, ɗaya ya ci, saura sun yi asara. Ƙwarewa ba ta sauya wannan siffar ba.

Ɗan Gusau: Ustaz, ai ba mai cire kashi 10 a namu, kuma wata tara ake fafatawa.

Ustaz Kabiru: Rashin mai cire kaso ya rage cuta, bai sauya inda kuɗin kyauta ya fito ba, ɗan'uwa. Mafita a buɗe take: shiga kyauta, kyautar ta fito daga wanda ba ya cikin gasar, mai gidan kallo ko wani ɗan kasuwa da ke son a ambaci shagonsa.

Kyaftin Sadi: Ko da kyauta daga waje ce, mai riƙe lig ya rubuta abubuwa huɗu kafin mako na farko, in ba haka ba rigima na nan a Mayu. Ɗaya, daga wane mako maki ke fara ƙirguwa, kuma yaushe za a rufe shiga, don wanda ya ga makinsa ya yi yawa kan shigo a Nuwamba da su duka. Biyu, mutum ɗaya ƙungiya ɗaya, a haɗa sunan manaja da lambar waya, don akwai masu buɗe uku su ga wacce za ta tashi. Uku, kyautar wata-wata: a fayyace da ragin 4 ake lissafi, in ba haka ba wani zai yi canji 8 a mako ya nuna babban maki. Huɗu, kunnen doki: dokar FPL ita ce mai ƙarancin canji ke gaba, ba a ƙirga na Wildcard (katin sauya ƙungiya ba tare da ragin maki ba) da Free Hit.

Baban Walid: Tambayar ƙarshe daga gare ni. Me zai hana mu ga irin wannan da ƙarfinsa a kan Kano Pillars, Katsina United, El-Kanemi?

Malam Habu: Manhajar ita ce mafi sauƙi. Abin da ake buƙata a kowane fili, kowane mako: jerin 'yan wasa na gaskiya kafin a take, mintin da aka sauya kowa, wa ya ci, wa ya ba da, kati nawa, duk su iso cikin awa ɗaya ko biyu, da bidiyon da za a koma in an yi gardama. Firimiya na da Opta, kamfanin tattara alƙaluman wasanni, da mutane zaune suna rubuta kowane taɓi. Sannan jadawali ya tsaya, a san ranar rufewa tun mako uku kafin nan, a kuma san wa ya ji ciwo. In da za a fara, da dokokin Wainstein na 1991 za a fara: ƙwallo, bayarwa, tsare raga, kati. Wakili ɗaya a kowane fili da waya a hannu ya isa wannan.

Anti Bilki: Ko na Albini, Malam. Wakilan rediyo da ke filin su ba kowa maki cikin 10.

Ɗan Gusau: A ba wakilin Kano ya auna 'yan Katsina? Anti, a bar mu da ƙwallo da kati.